Razdan da Hafsan Soja: Wa Ke da Ta Cewa a Zamanin Nasara?

Mai Alli:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Duk lokacin da hira ta biyo ta kan zamanin Turawa, mukan tattara su wuri guda mu ce "Nasara sun yi kaza", kamar bakinsu ɗaya ne. Ni kuwa a ganina gidan nasu ma akwai rigima a ciki, kuma rigimar ta shafi kakanninmu kai tsaye.

Tun da Gwamna Lugga (Lugard) ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, mutum iri biyu ne a ƙarƙashinsa: hafsoshin WAFF, rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda shi aka ɗora wa kafa ta a 1897, da kuma su Razdan, wato Turawan da ke mulkin larduna, da mataimakansu. Buƙatar kowa daban. Hafsa aro shi aka yi daga rundunarsa ta Ingila, zai yi ɗan wa'adinsa ya koma, abin da yake so ya koma da shi kuwa lambar yabo ce da ƙarin girma. Waɗannan ba a samunsu sai an yi harbi. Laftanal Wright, alal misali, a karon Kwatarkwashi na 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, ya samo lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Ingila. Shi ko Razdan zama ya zo yi. Abin da ake tambayarsa daga Dungurum (Zungeru), hedkwatar Gwamna, shi ne nawa ya tara na haraji, shin kasuwa na ci, fatake na wucewa lafiya. Garin da soja suka ƙona bana ba kuɗin ƙasa ba jangali, watakila har baɗi.

Ga inda nake so mu kara. Ni na ce a Arewacin Najeriya Razdan ya rinjayi hafsa da wuri, bayan 1906 kaɗan, a Nijar kuwa soja ya riƙe ragama har 1922. Kuma wannan ne babban dalilin da ya sa sarauta ta fito daga mulkin mallaka da ƙarfinta a Kano da Katsina da Sakkwato, amma a Damagaram da Maraɗi da Tasawa ta fito a raunane. Wanda ke da ja, bismilla.

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam. Malam, ina da ja, kuma tun daga tushe. Su wane ne waɗannan Razdan ɗin da kake kira farar hula? Razdan na Keffi Kyaftin Moloney. Na Zariya Kyaftin Abadie, wanda mutane ke kira Mai Jimina. Na Sakkwato Manjo Burdon. Shi kansa Lugga ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama da Uganda kafin ya taka ƙasar nan. Kaki kawai suka tuɓe, zuciyar tana nan.

Sannan mu da muka yi aikin mun san abu guda: soja ba ya fita daga bariki sai an kira shi. A ƙa'idar da Lugga ya rubuta wa ma'aikatansa, jami'in mulki ne ke neman rakiya ko sintiri, shi ke tafiya tare da su, shi ke yi wa gari magana da farko. Sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa hafsa, daga nan hafsa ke da iko har a gama. To idan aka gama, gawarwaki a ƙasa, sai a ce soja sun yi ɓarna. Wa ya kira su?

Duba Keffi a Oktoba 1902. Moloney ne ya zauna a ƙofar fada ya ce sai Magaji Ɗan Yamusa ya fito, da abin ya ƙi ya aika a kira soja. Magaji ya fito ya kashe shi, ya hau doki sai Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan taƙaddamar ta jami'in mulki ita aka riƙe hujja aka ci Kano bayan wata huɗu. Hafsa bai tono ta ba, aiko shi aka yi ya ƙarasa.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce game da 'yan farkon, amma akwai hawa na uku da ku biyun ba ku taɓo ba, wato Landan. A can ne ainihin farar hular suke, kuma su ne Lugga ya fi ɓoye wa ciki.

Shirin yaƙin Kano ya yi nisa kafin Ofishin Mulkin Mallaka ya san inda aka dosa. A watan Disamba 1902 labarin ya fara fitowa a jaridun Ingila ta hannun kamfanin dillancin labarai na Reuters, alhali ministan, Joseph Chamberlain, yana Afirka ta Kudu. Ka tuna a lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Bowa, wanda Ingila ta yi a can Afirka ta Kudu, ba, an kashe kuɗi ba na wasa ba, majalisa ba ta son jin wani sabon yaƙi. Suka yi ta buga waya suna tambaya, Lugga na ba su amsa gutsi-gutsi, har Kanar Morland ya tashi daga Zariya ƙarshen Janairu da soja baƙar fata sama da 700, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Abin da Landan ta iya yi shi ne ta sa Janar Kemball, babban sufeton rundunar, ya karɓi jagorancin yaƙin, shi ne ya kai su Sakkwato ranar 15 ga Maris. Da aka ci nasara kuwa duk masu ƙorafi suka yi shiru.

Saboda haka ni ina ganin Lugga ba ya cikin jerin farar hula sam. A idon Landan shi ne sojan da ya kamata a sa wa linzami.

Uwar Biyu:
Ƙanwata, tambaya ɗaya. Wannan jan kafar da Landan ke yi, tausayinmu ne ko tausayin aljihunsu? Don idan na fahimce ki, ba wanda ya ce kada a ci Kano saboda Kanawa mutane ne masu ƙasarsu.

Ɗalibar Tarihi:
Aljihu ne, Yaya, da tsoron kunya idan aka sha kashi. Arewa a lokacin ba ta iya ciyar da gwamnatinta, baitulmalin Ingila ke cike giɓin kowace shekara, kuma kaso mai tsoka na kuɗin a kan rundunar yake ƙarewa. Akwai 'yan majalisa ƙalilan da suka yi magana don adalci, amma ba su ne masu yanke hukunci ba.

Basakkwace:
Ku dakata in ba ku na garinmu, don in ana neman wurin da shugaba biyu sunka taru fili guda abin ya watse, to Satiru ne, wani ƙauye kusa da Sakkwato.

Fabrairun 1906, Burdon ya kama hanya za shi hutu, ya bar Hillary riƙon ƙwarya. Labari ya iso Sakkwato cewa mutanen Satiru, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga yankin da Faransa ke mulki, sun tada kai, har sun far ma wani ƙauye maƙwabcinsu. Ranar 14 ga wata Hillary ya ɗauki mataimakinai Scott, da likita, da kamfani guda na sojan doki ƙarƙashin Laftanal Blackwood. Niyyar Hillary kamu, ba yaƙi ba. Da sunka hango garin sai shi da Scott sunka wuce gaba don su yi ma mutane magana. Blackwood ya hangi taron na kwararowa, ya ga Razdan ya yi nisa, sai ya zaburo da mutanenai don ya kare shi. Sun sauka suna ƙoƙarin yin sahun murabba'i, Razdan na waje, ba damar buɗe wuta yadda anka koya musu. Kafin sahu ya daidaita mutane sun iso da gatura da fartanyu da baka. Dawaki sunka firgita sunka tarwatsa sahun. Hillary da Scott da Blackwood duk anka kashe su nan, tare da soja 25, Satirawa sunka ɗauke bindiga mai ruwa.

Ka ga ɗaya ya zo da magana, ɗaya ya zo da bindiga, kowa na ganin shi ne gaba.

Da sunka dawo ranar 10 ga Maris ƙarƙashin Manjo Goodwin, ba wanda ya wuce gaba yin magana. An kashe mutane wajen 2,000, an kwashe mata da yara, an baje garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma wurin. Ɗan Makaho an yanke mai hukunci an kashe shi cikin Sakkwato. Ni duk sanda na bi ta wannan yanki raina ɓaci yakai, don mafi yawan waɗanda anka kashe talakawa ne da bayin da sunka gudo neman mafita.

Abin da ya goyi bayan Malam shi ne abin da ya biyo baya. Tsakanin karo na farko da na biyu Turawan Sakkwato ba su da ƙarfin kare kansu. Da Sarkin Musulmi da Marafa Maiturare sun juya musu baya, da magana ta ƙare. Ba su juya ba. Burdon ya riƙe wannan hujja ga duk wanda ke ganin bindiga ce kaɗai ke riƙe da ƙasar.

Tsohon Saje:
Ɗana, ka kawo hujjata da bakinka. Wanda ya san aikin ba ya barin kowa ya shiga tsakanin sahu da abokin gaba. Blackwood na da zaɓi biyu, ko ya tsaya inda yake ya bar Razdan a kashe, ko ya karya sahu ya je ceto. Ya zaɓi na biyu, ya mutu tare da yaransa. Waɗannan 25 ɗin kuma 'ya'yan ƙasar nan ne, ba wanda ya tambaye su ra'ayi. Gangancin Razdan ne ya ci su.

Amma kada a fahimce ni ba daidai ba. Abin da aka yi ranar 10 ga Maris ba yaƙi ba ne, ramuwar gayya ce, kuma ba sojan kirki da zai kare shi.

Ɗalibar Tarihi:
Ƙari a kan Satiru: me ya sa ba soja kusa a lokacin? Saboda Lugga ya tura mafi yawansu ƙasar Tibi. A Janairu 1906 faɗa ya tashi a Abinsi, bakin Binuwai, tsakanin fatake Hausawa da Jukunawa, Tibi suka shiga, aka ƙona kantin kamfanin Neja. Lugga ya shirya babbar runduna. To a Landan gwamnati ta sauya a Disamba 1905, sabon minista Lord Elgin, ƙaramin ministansa Winston Churchill. Suka taka wa Lugga birki, suka hana shi kutsawa ƙasar Tibi yadda ya so. Daga baya Churchill ya yi rubutu mai zafi a fayil yana sukar kisan Satiru. A watan Afrilu aka ci Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu, kafin shekarar ta ƙare Lugga ya ajiye aiki. Wanda ya gaje shi, Girouard, shi ma hafsa ne, amma injiniyan jirgin ƙasa, hankalinsa na kan layin dogo daga Baro zuwa Kano.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ku naku hafsoshin ko banza suna jiran a kira su. Namu na Faransa ba sa jira.

Tun kafin su iso ƙasar Hausa halinsu ke nan. A ƙasar Mali ta yanzu, Paris ta gaji da Kanar Archinard da yaƙe-yaƙensa masu cin kuɗi, ta cire shi a 1893, ta aiko gwamna farar hula mai suna Grodet da umarnin a daina cin ƙasa. Kafin ya gama sauka a Kayes, wani hafsan jiragen ruwa, Boiteux, ya riga ya shiga Tumbutu ba da izini ba, Kanar Bonnier ya bi bayansa. Grodet ya aika a dawo, ba a saurare shi ba. Ranar 15 ga Janairu 1894 Buzaye suka auka wa sansanin Bonnier da asuba kusa da Gundam suka gama da shi da hafsoshinsa. Kana tsammani wannan zai ƙarfafa hannun gwamna? Ina! Aka riƙe Tumbutu, hafsoshi suka haɗe wa Grodet kai, a 1895 aka kira shi gida aka mayar da soja.

Wannan tarbiyyar ce ta haifi Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu. A 1899 suka ratso ƙasarmu za su tafkin Cadi, da ɗaruruwan 'yan bindiga da dubban 'yan dako da mata, ba guzurin da zai ishe su, sai abin da suka ƙwata. Garin Sansanin Hausa, Lugu inda Sarauniya Mangu ta tare su a watan Afrilu, Birnin Ƙonni a watan Mayu, duk inda suka bi wuta ce da gawa, har rijiyoyi. Abin bai kai kunnen Paris ta hanyar ofis ba. Wani laftanal da suka kora, Peteau, shi ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa, wasiƙar ta kai hannun 'yan siyasa. Ministan mulkin mallaka ya sa aka tura Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragama. Klobb ya bi sawunsu ta garuruwan da suka ƙone, ya cim musu kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi, kanar guda, sanye da kakin Faransa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na Maijirgi har yau.

Ga abin da ke min ciwo. Sauran hafsoshin suka ci gaba da tafiyar kamar ba a yi komai ba, suka ci Damagaram ƙarshen Yuli bayan karon Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Paris ta karɓi ƙasar da aka ci mata, ta rufe bincike da cewa zafin Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutum biyu. Mahaifin Chanoine janar ne, ya taɓa riƙe ministan yaƙi. A 1900 aka yanka ƙasarmu aka sa mata suna yankin soja, haka muka zauna sai 1922 da aka kawo Gwamna Brévié.

Mai Alli:
Madalla, ɗan'uwa. Kuma ka duba shekarar 1906 a ɓangarorin biyu. A Sakkwato Ingila ta ba Sarkin Musulmi lambar girma saboda Satiru. A Damagaram kuwa?

Ɗan Damagaram:
A Damagaram hafsoshi suka ce sun gano makirci, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan mutane. Gidan sarauta bai sake hawa ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa, shekara guda bayan zuwan gwamna farar hula. A nan kam maganarka ta zauna, Malam.

Ɗalibar Tarihi:
Malam, a yi min afuwa, ba ta zauna duka ba. A wannan 1906 ɗin Ingila ta tuɓe Sarkin Gwandu, ta tuɓe Sarkin Katsina Yero, ta kashe na Haɗeja. Wanda ya tuɓe Yero ya ɗora Durɓi Muhammadu Dikko kuwa Palmer ne, jami'in mulki wanda ba soja ba ne, lauya ne da ya fito daga jami'ar Kambirij. Ya sauya gidan sarautar Katsina ɗungurungum. A Kano Dokta Cargill, Mai Gunduma, likita ne, shi ya ɗaga Ɗan Rimi, bawan sarki, ya mai da shi Waziri a kan Sarki Abbas a 1908. Me ya raba wannan da naɗin Ballama? Abin da ya raba su shi ne na Kano bai daɗe ba, Razdan Temple ya zo ya warware. Ke nan ko tsakanin farar hular akwai masu son murƙushe sarki da masu son jingina da shi.

Na Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan gwamna farar hula ne ya kunna wutar da kansa. A ƙarshen Maris 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya tara sarakunan Asante ya ce a kawo masa kujerar zinariya ya zauna a kai. Yaa Asantewaa ta tada yaƙi, aka tsare shi da matarsa a cikin ganuwa, da ƙyar ya sulale a watan Yuni. Wa ya zo ceto? Kanar Willcocks da sojan da aka kwaso daga hannun Lugga, yawancinsu Hausawa da Yarbawa, suka isa a watan Yuli. Shi ya sa Lugga ya yi shekararsa ta farko kusan ba runduna, sai 1901 ya samu damar far wa Kwantagora da Bida da Yola. Hodgson aka ɗauke shi aka kai Barbados, aka kawo Manjo Nathan. Baba Saje, wannan taka ce.

Tsohon Saje:
Na karɓa, ɗana. A ƙara da Busa a 1915. Jami'in mulki ne ya tuɓe Sarki Kitoro Gani, ya yanka ƙasar Bargu yadda ya ga dama, ya ɗora wanda ba ɗan gidan ba. Sabuki ya tashi da mutanensa suka kashe 'yan majalisar da aka ƙaƙaba musu. Sai kuma aka aiko wa bariki da takarda.

Uwar Biyu:
Ni bari in faɗi yadda abin yake daga ƙasa, yadda kakata ta ba mu. Ta ce idan soja za su sauka a garinsu, tun kwana biyu kafin nan dagaci ke bi gida-gida. Wannan gida gero, wancan kaji da ƙwai, wancan itace. Mata su kwana suna daka, 'yan mata kuma a tura su ƙauyen dangi a ɓoye. Maza majiya ƙarfi a jera su a ƙofar gari, a ɗora wa kowa akwati, wani sai ya yi sati bai dawo ba, ga damina ta kama.

Bayan an kwana biyu sai Di'o ya zo rangadi. A kafa masa tebur a gindin tsamiya, tafinta a gefe, ya ce wa ke da kuka a kan soja. Ta ce mahaifinta ya taɓa tashi ya ce an kama masa bijimi ba a biya ba. Di'o ya ɓata rai sosai, ya rubuta a littafi, ya yi faɗa da Turanci, daga baya har aka aiko da 'yan sulalla. Amma a zaman nan ɗin dai, da aka gama sauraron kuka, aka buɗe wani littafin aka ƙirga kawunan gidansu, harajin shekarar ya ƙaru, dagaci kuma ya riƙe shi a zuci saboda ya yi magana a gaban Bature.

Ina yarda Di'o ya ji haushin sojan da gaske. Amma haushinsa na an taɓa masa masu biyan haraji ne.

Mai Alli:
Hajiya, wannan labarin ya fi duk abin da muka kawo nuna yadda rigimar take a kullum, don ba kowace rana ake Satiru ba. Yawancinta a kan irin wannan ne: soja sun ɗauki kaya a kasuwa ba su biya ba, wani ya sa tsohon kaki ya shiga ƙauye yana karɓar kuɗi da sunan Bature, ko kuma bayi, musamman mata, sun gudu sun fake a bariki. Wannan na ƙarshen ya fi tada jijiyar wuya. Sarki zai kai kuka wurin Razdan cewa kuyanginsa da na hakimansa suna bariki, Razdan kuma, da yake yana neman zaman lafiya da fada, sau da yawa sai ya goyi bayan sarki, ya ce a bi ta kotun alƙali a fanshi kai. A nan, ga baiwar da ta gudu, bariki ya fi ofishin Razdan rahama. Ina faɗin haka ne don kada a ɗauka ina wanke farar hula.

Abin da nake cewa shi ne wanda ya yi nasara shi ya tsara ƙasar. Razdan ba shi da bindiga tasa, saboda haka ƙarfinsa a wurin sarki yake. Ya bar wa sarki dogarai da alƙalai da gidan yari. Sannan aka zo da baitulmali, wanda Palmer da Dikko suka fara a Katsina, ya bazu sauran masarautu wajen 1911: a raba haraji, kaso na gwamnati, kaso na En'e, sarki da hakimai su koma kan albashi. Daga ranar Razdan ya samu asusun da zai yi aiki da shi ba sai ya roƙi kowa ba, kuma duk abin da ya ƙara wa sarki kwarjini shi ya ƙara wa. Kwamandan Faransa kuwa da 'yan bindigarsa a bayan ofis, me zai yi da sarki mai ƙarfi? Mai tara masa lanho, wato haraji, da 'yan aikin tilas kawai yake nema.

Na Maiwurno:
Salamu alaikum daga bakin Shuɗin Nilu. Kakanninmu ragowar yaƙin Burmi ne, waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru na farko a Yuli 1903. Abin da suka tarar a Sudan ya ɗan saɓa wa lissafin Malam. Nan ma Ingila ke mulki, amma mutum ɗaya ke riƙe da gwamna janar da shugabancin rundunar Masar: Kitchener, sai Wingate har 1916, sai Lee Stack. Masu mulkin larduna na farko duk hafsoshi ne. Ba a raba muƙaman biyu ba sai da aka harbe Stack a Alƙahira a Nuwamba 1924. Amma waɗannan hafsoshin ne suka ba Mai Wurno wuri kusa da Sinnar, suka bar shi da sarautarsa a kan jama'arsa, saboda suna buƙatar manoma kuma suna son wanda zai riƙe musu baƙi. Soja ma yakan jingina da sarki idan lissafinsa ya ba shi haka.

Basakkwace:
Wanga batu na Maiwurno shi ne nawa. Ingila ta tarar da daula mai sarakuna da alƙalai da hanyar tara haraji tun zamanin Shehu, ga mutane da yawa, ga Turawa 'yan kaɗan. Ko hafsa anka bar ma Kano, tilas ya bi ta hannun sarki. Inda babu irin wanga tsari, kamar ƙasar Tibi da duwatsun Bauci, ai sintirin soja bai tsaya ba 1906, ya ci gaba shekaru da dama, kuma Razdan ke kiran su.

Ɗan Damagaram:
Ɗan'uwa, Damagaram ma daula ce mai tsari. Tun zamanin Tanimun tana da ganuwa da igwa da fada da hakimai, ba abin da Katsina za ta nuna mata. Duk da haka aka tuɓe sarkinta aka bar gadon shekara 17 a hannun wanda ba ɗan gida ba. Saboda haka kasancewar tsari kaɗai bai isa ba, sai an samu mai son amfani da shi. Nan ina tare da Malam.

Inda na rabu da shi shi ne 1922. Kada a ɗauka da Brévié ya zo soja sun koma bariki. Agadas da Bilma da Gigimi sun ci gaba da zama a hannun hafsoshi shekaru da yawa bayan haka, kuma mutanen Abzin ba su manta da 1917 ba, lokacin da rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa a Agadas, a watan Maris, ta kama malaman Agadas ta karkashe su, Ingila kuma ta turo nata sojan daga Kano da Sakkwato su taya tsaron iyaka. A kudu ma da aka koma hannun farar hula, dokar da ta ba kwamanda damar ɗaure mutum kwana 15 ba shari'a tana nan, aikin tilas yana nan, ba a soke su ba sai 1946. Yunwar 1931 da ta cinye ƙasar Zabarma a zamanin gwamna farar hula aka yi ta, fari da fara sun cinye gona, ana ta bin mutane lanho, har sai da Paris ta aiko mai bincike aka ɗauke gwamnan. Dattawan Dosso da Filinge da suka tsallaka Najeriya a shekarar ba hafsa suka guje wa ba, mai karɓar haraji suka guje wa.